Takardun Taura

Huzaifa ya san rubutun Zaituna tun kafin ya san fuskarta. A asibitin gwamnatin da yake aiki a Dutse, shi ne mai ɗakin ƙarshe, inda ake jinyar damuwa da magana, ba da allura ba. Likitoci ba sa turo masa mutum sai an gama gwaje-gwaje an rasa cutar, takardar ma layi ɗaya. Amma takardun da Zaituna ke rubutowa daga ƙaramin asibitin Taura a cike suke zuwa, har da ranar da barci ya ƙaurace wa majinyacin.

Ranar da ta rako wata mai jego da kanta, ya dubi takardar, ya dube ta.

"Ashe ke ce mai rubutun nan? Na ɗauka dattijuwa ce mai tabarau."

"To ka yi haƙuri da ban tsufa ba," ta ce tana dariya.

Shi ke nan, bawan Allah ya kamu. Bayan wata uku ya tura mata saƙo: "Zaituna tawa, ni ma ba na barci. A rubuta mini takarda mana."

Ta amsa: "Likitana, ciwonka ya fi ƙarfin asibitinmu. Na tura ka wajen Baba."

Ranar Asabar ya je gaisuwa. Yana shiga zaure ya gane mai gidan. Mahaifinta Malam Yahuza ne, dattijon da aka turo masa da ciwon ƙirjin da gwaji ya kasa gani, wanda duk Talata yake zuwa ya yi kukan ɗansa da ya rasu a hatsarin mota. A gida an ɗauka awon jini yake zuwa.

Dattijon ya amsa gaisuwar ciki-ciki. Washegari ya ce ba zai ba shi 'yarsa ba, kuma bai faɗi dalili ba.

Huzaifa ya gane kunya ce. Ya mayar da jinyar dattijon hannun abokin aikinsa Ubaidullahi, ya ja bakinsa ya yi shiru.

"Wai me ka yi wa Baba?" Zaituna ta tambaye shi a waya.

"Mu dai yi masa biyayya, masoyiyata."

Ta yi fushi ta daina amsa kiransa. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, don magana ɗaya za ta wanke shi, amma ba tasa ba ce.

Bayan wata biyu Malam Yahuza ya aika a kira shi.

"Yaro, kullum ina sauraron in ji zancena a bakin 'yata. Shiru. Ka yarda ka rasa ta don ka rufa mini asiri?"

"Amana ce, Baba."

"To jiya na gaya mata da bakina. Ka turo magabatanka. Allah ya yi muku albarka."

Saƙonta ya riske shi a hanya: "Ka yafe mini, Likitana."

An ɗaura aure bayan girbi, amarya ta tare a unguwar Takur. Talatar da ya koma aiki, sai ga surukinsa a ƙofar ɗakin ƙarshe, riƙe da hannun wani tsoho.

"Aminina ne, tun rasuwar matarsa ba ya barci. Ba mu da takarda, ni na turo shi."