Jinkirin Inna Yalwa

Faifai goma sha biyu ne ke aiki a cikin babbar na'urar Gidan Muryoyi na Haɗeja, a shekara ta 2094. A cikinsu aka adana hirarrakin mutanen da suka rasu, waɗanda iyalansu suka naɗa tun suna raye. In ka yi tambaya, sai na'urar ta tono kalaman mamacin ta harhaɗa maka amsa da muryarsa. Kowa ya san ba shi ba ne, amma dai tana rage kewa.

Injiniya Lantana ce ke kula da faya-fayan, kuma abu ɗaya ke ci mata tuwo a ƙwarya: nawar na'urar. Tsohon tsari ne, duk maganar da za a fitar sai faifai biyu sun gwada abin da ke hannunsu sun tabbatar iri ɗaya ne. Amsa takan ɗauki daƙiƙa uku, wani lokaci ashirin.

Abin ya fi damunta saboda mahaifinta, Malam Jatau, tsohon masunci. Kullum da hantsi yakan dogaro sandarsa ya zo ya yi hira da muryar marigayiya matarsa, Inna Yalwa. Wannan hirar ce kaɗai ke fitar da shi daga gida. Lantana takan hango shi ya yi tambaya ya zuba wa lasifika ido yana jira, sai tausayi ya kama ta.

Sati biyu ta yi tana gyara. Ta rushe tsohon tsarin, ta yanka bayanan kashi-kashi kamar naman watanda, kowane faifai da nasa kason, duka su kawo a lokaci guda. Ko kalma ɗaya ba ta salwanta ba. Da ta gwada, kafin ta rufe baki amsa ta iso, har ta taka 'yar rawa ita kaɗai.

Washegari tsohon ya zauna ya tambayi yadda aka kwana. Nan take muryar ta amsa. Ya sake wata tambayar, ta sake cafewa. Sai ya ɗauki sandarsa.

"Uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa ta ci, "wace ce wannan mai rawar bakin?"

Ta yi masa bayanin faifai da kaso, ya saurara har ta gama.

"Shekara arba'in da ɗaya innarki ba ta taɓa amsa mini da sauri ba. Sai ta sunkuyar da kai ta auna maganar tukuna. A wannan shirun nake ganin fuskarta."

 Tsohon tsarin ya tafi, babu hanyar dawo da shi yadda yake, don haka Lantana ta dasa jinkiri na daƙiƙa goma kafin kowace amsa, ta lallashe shi ya dawo. Ya yi tambaya uku, ya yi murmushi, ya ce shirun da ya sani wani gajere ne wani dogo, wannan kuwa agogo ne ke yin sa.

Ya dafa kanta, ya sa mata albarka a kan wahalar da ta sha dominsa. Daga ranar, gidan Lantana yake zuwa hira da hantsi, su sha kunu tare. Na'urar kuwa ta zama mafi sauri a duk arewa, amma tsohon bai ƙara tambayar ta komai ba.