Riƙe Min Takardar Nan, Yaya

Wayyo duniya! Ana tsakiyar ruwan sama Baffa ya watso kayan Auta waje. Akwatin tufafinta ya fashe a bakin ƙofa, littattafan ɗalibanta da ta kawo gida dubawa suka zube cikin taɓo. Baiwar Allah tana durƙushe tana tsince su ɗaya bayan ɗaya, ko ta kan mayafinta da ya jiƙe sharkaf ba ta bi ba. Jiya-jiyan nan aka ba da belinta bayan kwana tara a hannun 'yan sanda, yau kuma ga tarbar da ƙanin mahaifinta ya yi mata, mutumin da ya riƙe su ita da yayanta tun suna ƙananan marayu.

"Ba a gidana ba!" in ji Baffa, yana ɗaga murya don maƙwabta su ji. "Ni ban reni ɓarauniyar ƙuri'a ba! Don ɗan takararmu ne ya ci, sai a ce ni na sa ki? Ni na ce ki canza takarda? Ki je can ki nemi wani uban!"

Yayanta, wanda duk unguwa ke kira Direba, yana tsaye jikin bas ɗin da yake ja, makulli a hannu, ruwa na zuba ta gemunsa. Ƙato ne, in ya yi tsawa a tasha har kwandastoci sai sun nutsu. Amma ranar nan iyakar abin da ya iya fitarwa shi ne, "Baffa, don Allah..." Baffa ya watsa masa wani kallo, nan take ya sunkuyar da kai. To, ina bakin magana? Shi dai ya san wanda ya canza takardar, kuma ya san ta hannun wa ta bi.

Ga yadda abin ya faru. Zaɓen shugaban ƙaramar hukuma ne, na biyu tun da sojoji suka koma bariki, mutane kuwa sun ɗauki ƙuri'arsu da zafi. Hukumar zaɓe ta ɗebi malaman makaranta aikin rumfuna, aka ba Auta shugabancin wata rumfa, aka kuma ɗauki hayar bas ɗin Baffa, wadda Direba ke ja, don jigilar kayan zaɓe. Da aka rufe layi, Auta ta juye akwati a kan tebur a gaban kowa, tana ɗaga ƙuri'a ɗaya-ɗaya, jama'a na ƙirgawa da ita kamar 'yan aji ɗaya. Ɗan takarar Baffa ya tashi da arba'in da ɗaya, abokin karawarsa ɗari uku da goma sha biyu. Ta rubuta, wakilan jam'iyyu suka sa hannu, ta ba kowa kwafinsa, ta zura ta asalin a ambulan. Doka ɗaya aka yi ta nanata musu a wurin horo: takardar sakamako ba ta barin hannun shugaban rumfa har sai ya miƙa ta a cibiyar tattarawa.

A hanya Direba ya taka birki a ƙofar shagon siminti na Baffa, kamar yadda Baffan ya umarce shi tun da safe. Ya ce injin ya yi zafi. Baffa ya fito da fara'a, ya ja ɗan sandan da ke rakiya ciki ya sha ruwan sanyi. Auta ta dubi rana, ta ga la'asar na neman wuce ta, tun safe ko zama ba ta yi ba. Sai ta miƙo ambulan ɗin ta tagar mota.

"Riƙe min takardar nan, Yaya, in yi salla. Kada ka ba kowa fa."

"Je ki abinki," ya ce.

Raka'a huɗu! Iyakar lokacin da aka ɗauka ke nan. Baffa ya zagayo, ya zare ambulan daga hannunsa, ya cire takardar gaskiya, ya sa wata da aka riga aka shirya, lambobin a juye, da sa hannun Auta na jabu a ƙasa. Ya cusa masa ta asalin a aljihu ya ce, "Ƙone ta yau ɗin nan. Ba wanda zai lura." Direba tun yana ɗan shekara tara bai taɓa ce wa Baffa a'a ba, ranar ma bai ce ba. Sai dai ƙonawar ce ta gagare shi. Ya ƙyasta ashana, ya ga rubutun ƙanwarsa mai kyau ɗin nan, sai ya hure wutar, ya farke ƙarƙashin kujerar direba ya tura takardar cikin soso.

Ashe za a lura! Da rumfar nan ɗan takarar Baffa ya haye. Wakilin ɗaya ɓangaren ya fito da kwafinsa yana kururuwa, gari ya ɗauka. Hukuma ta ce ta riga ta bayyana wanda ya ci, mai ƙorafi ya tafi kotu. Amma dole a sami wanda za a shafa wa kashin kaji, aka duba aka ga ba mai sauƙin kamu kamar marainiya.

Direba ya kwashe jiƙaƙƙun kayan ya kai Auta gidansa, ɗaki biyu da 'ya'ya uku. Matarsa mace ce mai baki, amma zuciyarta fes. Ta rungume Auta tana kuka, ta shimfiɗa mata katifa a ɗakin yara. Tun daga ranar kuma ta ɗauki wani wuridi, safe da yamma, ko tana shara ko tana tsefe wa 'yarta kai.

"Wanda duk ya ƙulla wa yarinyar nan wannan sharri, Allah ya hana shi kwanciyar hankali! Allah ya tona asirinsa a tsakiyar kasuwa! Baban yara, ba ka ce amin ba."

"Amin," yake cewa, ya ture kwanon abinci gefe.

Masifa kuwa ba ta zo ita kaɗai ba. Makaranta ta aiko da takardar dakatarwa, wai iyaye sun ce ba ɓarauniyar da za ta koya wa 'ya'yansu lissafi. In Auta ta je famfo, mata sai su janye bokitansu su yi tsit, tana juya baya a kwashe da dariya. Wata rana aka wayi gari an rubuta "arba'in da ɗaya" da gawayi a jikin ƙofar gidan. Mai neman aurenta, wanda da ba ya kwana biyu bai zo ba, ya aiko wansa da saƙon cewa a yi haƙuri, danginsu sun ce a dakata. Auta ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ba komai, Allah ya haɗa kowa da rabonsa." Ta shiga ɗaki, zazzaɓi ya kwantar da ita mako biyu. Ta rame ta zama kamar tsinke, amma kullum in Direba ya dawo daga tasha, ita ce mai fara cewa, "Sannu da zuwa, Yaya, ya hanya?" Wallahi da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Yana ta lallashin kansa da cewa ai ba ta sani ba, ta manta, gajiyar ranar ta shafe mata komai. Haka ya yi ta yaudarar zuciyarsa har wata huɗu, sai ranar da lauyar da wata ƙungiyar mata ta samo mata ta zo gidan da hantsi. Direba yana ɗaki a bayan labule, yana jin komai.

"Malama, ki taimake ni in taimake ki," in ji lauyar. "Kin ce sa hannun nan ba naki ba ne, na yarda. To a ina aka canza? Ki yi tunani da kyau. Daga rumfa zuwa cibiya, takardar nan ta taɓa barin hannunki ko da na minti ɗaya?"

Direba ya ƙara matsowa jikin labule.

"Ba ta bari ba," Auta ta ce a hankali.

"To ki sani, in haka za ki faɗa gaban alƙali, shekara uku ce a gidan yari. Ba ni da abin da zan kare ki da shi."

Da lauyar ta tafi, ya fito ya tsuguna a gaban Auta. "Auta... ranar nan, a shagon Baffa, da kika sauka yin salla..."

Ta ɗaga masa hannu da sauri, ta leƙa tsakar gida ko matarsa na kusa, sannan ta dube shi, hawaye na bin kumatunta. "Ban tuna komai ba, Yaya. 'Ya'yanka uku, ƙaramin ko yaye shi ba a yi ba. Ni wa gare ni da zai yi kukan yunwa in an kulle ni? Ka tashi, kada Anti ta shigo ta gan ka haka."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ashe ta sani! Tun ranar farko ta sani! Kwana taran da ta yi a kan siminti, da ruwan da ya dake ta a ƙofar Baffa, da dariyar matan famfo, duk ta shanye su ne da sunansa a bakinta, ta ƙi furtawa. Direba ya fita ko takalmi bai sa daidai ba, ya zauna cikin bas ya kifa kai a sitiyari, ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun ranar da aka binne mahaifiyarsu. Kunya ta kama shi, ya tsani kansa ƙwarai.

Daga nan shagon Baffa ya nufa. Yanzu shagon ya zama uku, don sabon shugaba ya ba shi kwangilar gyaran makarantu. Direba ya durƙusa. "Baffa, ka ji tsoron Allah, ka ceci yarinyar nan. 'Yar wanka ce. Kana da hanya, ka yi magana a janye ƙarar."

Baffa ya ci gaba da sakace haƙori. "Kai fa daɗina da kai ragwanta. In aka janye daga kanta, kan wa za a ɗora? Kaina? Shekara uku kamar yau ne, ta fito mu samo mata miji. Ka kuma buɗe bakinka, in karɓe motata, kuma tare za ku tafi, don da hannunka ka miƙo min."

Direba ya miƙe tsaye. Karon farko a rayuwarsa ya dubi Baffa ido cikin ido, sannan ya juya ya fita.

Ranar shari'a kotu ta cika maƙil. Baffa na layin gaba cikin sabbin kaya, wai ya zo ganin an yi adalci. Aka tsayar da Auta, tana riƙe da katakon da ke gabanta don jiri. Alƙali ya gyara tabarau ya ce, "Tambaya ta ƙarshe, kuma ki tuna kin yi rantsuwa. Takardar ta bar hannunki ko ba ta bari ba?" Auta ta runtse ido. Ga rantsuwa, ga ɗan'uwa! Ta buɗe baki ke nan sai aka ji murya daga baya kamar aradu.

"Ta bari, ranka ya daɗe! Ni ta ba!"

"Yaya, a'a! Zauna! Don Allah ka zauna!" Auta ta ƙwalla ƙara.

Ina! Ya riga ya taho, yana ɗaga wata takarda da ta yi laushi, da ɓurɓushin soso a jikinta. Lauyar ta yi wuf ta roƙi a saurare shi a matsayin shaida. Ya rantse, ya zayyana komai, tun daga ƙaryar zafin inji har zuwa ashanar da ya hure, bai rage wa kansa ko ƙwayar laifi ba. Aka gwada lambar takardar da ta kwafin wakilai, ta yi daidai, ga sa hannun kowa raɗau. Baffa ya miƙe zai sulale, babbar riga ta harɗe shi a bakin ƙofa, 'yan sanda suka yi caraf da shi. Yana ta ihu, "Ni na rene ku! Butulu!" Ba wanda ya ko kalle shi da tausayi.

Matar Direba ta ɗora hannu a ka. "Na shiga uku! Ashe mijina nake ta tsinewa wata huɗu!"

Alƙali ya wanke Auta tas a ranar. Bayan makonni aka yanke wa Baffa shekara biyar, kwangila ta bi ruwa, kotun zaɓe kuma ta karɓe kujerar ta ba mai ita. Shugaban makaranta da kansa ya kawo takardar mayar da Auta aiki, iyayen da suka kore ta suka biyo shi suna sunkuyar da kai. Mai neman auren nan ma ya dawo yana washe baki, matar Direba ta raka shi da tsintsiya har bakin titi.

Direba kuwa, saboda shi ya kawo kansa, wata tara aka ba shi. Kafin a sa shi a mota aka bar su minti biyu a bayan kotu. Ya kasa ɗaga ido. "Auta, ban cancanci ki yafe min ba. Amanarki kika ba ni..."

Ta kama hannayensa duka biyu, da ankwar da komai, ta jiƙa su da hawaye. "Na yafe maka tun ina cikin kulle, Yaya. Addu'ar da nake yi kullum ba ta in kuɓuta ba ce. Tsorona ɗaya, kada ka mutu da abin nan a cikinka." Ta share fuska da bakin mayafi, ta yi murmushi. "Je ka abinka. Yaran suna hannuna, kuma ba zan ba kowa ba."