Kunne a Wayar Marwa

Marwa tana tankaɗe a ƙofar ɗakinta, uwar mijinta Inna Tala ta zo ta tsaya a kanta.

"Ashe tuwon gidan nan bai yi miki ba? Gishiri ya yi yawa, ko?"

Rariya ta tsaya a hannun Marwa. Wannan magana mutum ɗaya ta faɗa wa a duniya, mijinta Tijjani, wanda ke aikin gini a Aljeriya. A vokal ta faɗa, saƙon murya na waya, cikin wasa, ɗakinta a rufe.

"Inna, ni ban..."

"Kuma har sunansa kike kira, gatsau. A zamaninmu mace ta kira sunan miji? Allah ya kyauta."

Auren so suka yi, duk garin Gidan Sori an sani. Da zai tafi ya saya mata waya, ya ce ta riƙa gaya masa komai, ko tuntuɓe ta yi. Gidan ba wuta, don haka wansa Hambali ke haɗa wayoyin gida ya kai wurin mai caji a bakin kasuwa. Ita ma takan miƙa tata, har da lambar buɗewa, don ƙanwa ba ta yi wa Yaya musu.

Abin bai tsaya a tuwo ba. Ta gaya wa Tijjani za ta kasuwar Cadakori, tana sauka daga amalanke ta hango babur ɗin Hambali a gindin itacen bedi. Ta ce za ta gaida gwaggonta, tana fitowa ga shi a bakin lungu yana danna waya.

"Yaya, ina wuni?"

"Lafiya. An gama gaisuwar? Ta yi tsawo."

Tun tana waiwaye a hanya har ta koma waiwaye a cikin ɗakinta. Ta toshe ramin taga da tsumma. A ranta ta yanke cewa Tijjani ne ke kwashe hirarsu yana kai wa uwarsa, kuma wannan ya fi komai ci mata rai. Ta rage magana. Ya turo vokal mai tsawo, ta amsa da "lafiya lau".

"Marwa, mi na yi miki? Ko an samu wani ne?"

Ta saurara, ta kife wayar, ta yi kuka.

A lokacin tana da ƙaramin ciki, na fari, wanda Tijjani ya tafi ya bar ta da shi bai sani ba. Cikin fari ba a faɗa wa surukai, kunya ce, kuma shi ta so ta fara yi wa albishir. Amma ta san in ta faɗa da hantsi, kafin azahar zance ya zaga gida. Ta yi shiru. Da ciwon mara ya fara ta ɗauki wayar, ta danna, ta saki. Haka ta daure tana daka tana ɗiban ruwa, har ranar da ta faɗi a bakin rijiya. Kafin a kai ta asibitin Gidan Rumji cikin ya zube.

Tijjani ya baro aikinsa ya taho. Ya same ta kwance a ɗaki, ta rame, fuskarta na kallon bango.

"Ciki gare ki ban sani ba? Ni ne fa, Marwa."

"In gaya wa wa? Duk abin da na faɗa maka, a bakin Inna nake jin sa."

"Wallahi ban taɓa kai maganarki ko'ina ba."

Ta juyo ta dube shi. Ya ɗauki wayarta ya yi ta dube-dube, can ya tsaya. An haɗa WhatsApp ɗinta da wata waya. Duk abin da ta tura, ana jin sa a can. Ya danna, ya yi magana a hankali, ya tura wa lambarsa, sannan ya kama hannunta.

"Daure ki taso."

Suka tsallaka tsakar gida. A ɗakin Inna Tala suka tarar da ita da Hambali sun haɗa kai a kan waya, muryar Tijjani na fita: "Yaya, in kana ji, ka ɗago ka dube ni."

Hambali ya ɗago. Wayar ta suɓuce masa.

"Ni na sa shi," in ji Inna Tala. "Yarinya ɗanya, miji a wata ƙasa. Gidanka muke tsare maka."

"Mi kuka kama ta da shi, Inna?"

Tijjani ya ci gaba:

"Jikanki ne ya tafi. Tana jin ciwo ta kasa kirana, saboda ku."

Tsohuwar ta ja gyale ta rufe fuska tana kuka. Marwa ce ta durƙusa, da ciwonta, ta ce, "Inna, ki bar kuka. Na yafe."

Tijjani bai koma Aljeriya ba. Ya kama musu ɗaki a garin Agiye, yana gini a can, duk Juma'a su zo gaida Inna. Bayan shekara biyu Allah ya ba su ɗa namiji, aka sa masa Abdurrahaman.

Ku da ke riƙe da wayoyin nan, ku ji da kyau. Allah ya hana leƙen asirin mutum, ko da surukarki ce, ko da matar ƙanenka ce. Marwa ta yi haƙuri ta ga sakamako. Amma wanda ya zube bai dawo ba, kuma akwai ranar da za a tambayi masu saurare.