Saura Fasinja Ɗaya

"Ba za ki ba! Na ce ba za ki ba, Huraira!"

Hajjo ce ke wannan faɗa a tsakar gidanta a Birnin Gwari, da safiyar wata Laraba cikin damina, saura shekara uku Turawa su tattara nasu-ya-nasu. Huraira, matar ɗanta, tana durƙushe a bakin ɗaki, akwatin ƙarfenta a gefe, hawaye na bin kumatunta.

Mu'azu shi ne ɗan Hajjo na fari, kuma shi kaɗai Allah ya bar mata. Ma'aikacin gandun daji ne na En'e, wato hukumar gargajiya, aka zaɓe shi kwas na shekara biyu a Ingila, aka ce ya zo da iyalinsa. Ya riga ya wuce Kano wajen takardu. Huraira za ta hau ƙaramin jirgi a Kaduna gobe Alhamis da safe, ta same shi su shiga babban jirgi da ƙarfe huɗu na yamma. Shi kuwa Malam Abarshi, mahaifinta, ya riga ya rantse a gaban jama'a: in jirgin nan ya tashi babu 'yarsa, a ba ta takardarta, bai aurar da ita don ta yi shekara biyu tana gadin ɗaki ba.

"Inna, ki yafe mini in tafi da albarkarki," in ji Huraira.

"In kin bi shi, me zai dawo da yaron nan? In kina nan kuwa, dole ya waiwayo gida!"

Daga tasha aka jiyo ham ɗin motar Kaduna, sau ɗaya, sau biyu. A wancan zamani mota ɗaya ce a yini, kowa ya san kukanta kamar na zakaran gidansu. Huraira ta ji tashinta har ƙarar ta ɓace cikin daji. Ta share hawaye, ta mai da akwati ɗaki, ta ɗauki taɓarya ta hau dakan furar Hajjo kamar kullum.

Hajjo ta yi tsammanin kuka da birgima, ko a ruga gida a kai ƙara. Da ta ga ba ko ɗaya, sai jikinta ya yi sanyi. Har azahar tana satar kallon yarinyar, sannan ta kasa daurewa.

"Ke, kin san abin da ubanki ya rantse a kai?"

"Na sani, Inna."

"Me ya hana ki gudu ki hau motar? Ai ban ɗaure ki ba."

"Ina son Malam ɗanki, Inna, Allah ya sani. Amma ba zan je masa da fushinki a cikin kayana ba."

Tsohuwa ta fashe da kuka. "Na yafe, 'yar nan, duniya da lahira! Tashi ki fito da akwatin. Ni da ƙafata zan kai ki."

Da asuba suka sami motar katako mai zuwa Kaduna. Allah sarki, dajin Birnin Gwari na wancan lokaci! Maɗaci da kaɗanya sun yi rumfa bisa hanya, birai na tsallakawa, Fulani na ɗaga wa mota sanda suna gaisuwa. Babu abin da matafiyi ke tsoro sai taɓo da ƙudan tsando. Taɓon kuwa bai raga musu ba, sau biyu ana sauka ana turi. Ko da suka isa filin jirgi, na safe ya daɗe da tashi.

Akawun da ke kan tebur, wani saurayi mai taye, ya duba tikitin ya ce, "Kun yi leti, amma akwai na ƙarfe ɗaya." Ƙarfe ɗaya na yi hadari ya haɗo baƙi ƙirin, aka kece da ruwa. Biyu ta yi, biyu da rabi. Sai uku da kwata aka ce fasinja su shirya.

"Sori, Malama," in ji akawu. "Tafiyar awa guda ce. Kafin ki sauka Kano babban jirgi ya tashi."

Huraira ta zauna daɓas a kan akwati. Hajjo kuwa ta gyara ɗaurin zane ta nufi tebur.

"Yaro, aika wa direban na Kano ya dakata, saura fasinja ɗaya!"

Dariya ta ɓarke a ɗakin, har da wani Bature mai lofe da aka fassara wa.

"Iya, jirgin sama ne fa, ba motar kasuwa ba," in ji akawu.

"To, shi ba mutum ke tuƙa shi ba? A garinmu ko mai naƙuda ce direba na jiranta. Ni na jawo wannan latti da taurin kaina. In auren nan ya mutu, ni na kashe shi. Ba zan ɗaga daga nan ba sai ka aika!" Ta zauna a ƙasa dirshan, ta miƙe ƙafa a gaban tebur.

Dariyar ta ɗauke. Akawu ya sosa ƙeya, ya shiga ciki, ya fito.

"Za a gwada wayar iska. Amma tikitinta sunan mahaifinta ne a kai. Wa zan ce yana jiranta a can?"

Mace ba ta faɗin sunan mijinta, balle a gaban uwarsa. Uwa kuma ba ta faɗin sunan ɗan fari. Shekara ashirin da bakwai sunan nan bai taɓa fita daga bakin Hajjo ba. Huraira ta buɗe baki, kunya ta hana ta. Hajjo ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Mu'azu," ta ce. "Mu'azu sunansa. Ɗana ne."

Ƙarfe huɗu da rabi ƙaramin jirgi ya dira Kano. Huraira ba ta ma san ta tsorata da hawan sama ba, idonta na kan taga. Can ta hango ƙaton jirgi, tsani na jingine a jikinsa, wani ma'aikaci na ɗaga hannu yana ihu, "Mai zuwa Ingila! Maza, maza!" Ta tuɓe takalma ta riƙe a hannu, ta zuba da gudu cikin ruwan da ya kwanta, mayafi na tashi.

Mu'azu na tsaye a gindin tsani, jakarsa a ƙasa. Ya riga ya gaya musu in babu matarsa, su ba wani kujerarsa.

"Huraira! An ce wata tsohuwa ce ta tsai da jirgi daga Kaduna. Wace ce?"

"Inna ce," ta ce tana haki. "Malam, ta faɗi sunanka. A gaban mutane, da bakinta."

Mu'azu ya tsaya cak. Namiji ne, ga Turawa na leƙe ta taga, amma sai da ya sa hannun riga ya goge ido kafin ya iya taka tsanin.

To, 'yan mata, ku ji. Da Huraira ta yi gaggawa ta hau motar Laraba, da ta sami jirgi cikin sauƙi, ta rasa uwa. Ta yi haƙuri ta jira albarka, sai ga wadda ta tare mata hanya ita ce ta zauna a ƙasa ta tsayar mata da jirgin sama.