Toka a Buhun Gishirin Shanu

Da hantsi wata mata mai gonar madara ta shigo ofishin 'yan sanda da buhu a ka, mijinta na biye da ita. Ta sauke buhun a gaban teburin Sufeto.

"Ranka ya daɗe, gishirin shanu ne, mai sinadaran da ake zuba musu a dusa bayan haihuwa don su yi saurin ɗaukar ciki. Likitan dabbobi ne ya sayar min. Shanuna sun haihu tun tuni, har yau ba wadda ta nemi bijimi. In ba ciki ba maraƙi, in ba maraƙi ba madara."

"Jabu ne," in ji mijin, wani tela mai tsaf-tsaf. "A kama shi kawai."

Sufeto ya ɗebi garin ya murza, ya ɗanɗana. Toka ce tankaɗaɗɗiya. Ya duba ɗinkin buhun. Na ƙasa manya-manya ne irin na kamfani, na baki kuwa ƙanana, a jere reras.

Aka kira likitan, saurayi mai yawan fara'a.

"Sau nawa kake zuwa gonar?"

"Sai an kira ni, Yallaɓai."

"Ƙarya yake," mijin ya tari numfashinsa. "Ko saniya ta yi atishawa sai ka gan shi. Su tsaya a turke suna ta dariya, ni abincina na hucewa."

Likita ya sosa ƙeya. "To, ina leƙawa. Shanun ne suka ƙi ɗauka, abin ya dame ni."

Sufeto ya juya ga telan. "Kai fa, kana shiga siton da ake ajiye gishirin?"

"Ni da ko warin kashin shanu ba na so?"

Da azahar suka isa gonar su duka, tare da wani Saja, mataimakin Sufeto. Shanun sun rame, gashinsu ya dushe, wata tana ta lasar bango. Sufeto ya daɗe yana kallonta, ya gane kwaɗayin gishiri ne.

"Baiwar Allah, kwance su duka."

Aka kwance. Ko kallon ciyawa ba su yi ba. Suka zagaya bayan shagon ɗinki da ke jikin gidan, suka dafe wani wuri da aka yi wa sabon rufin ƙasa, suna lasa suna ture juna. Saja ya sa shebur. Gishirin ne jingim, ruwan sama ya jiƙa shi.

"Malam tela," in ji Sufeto a hankali, "ɗinkin bakin buhun nan ya fi na kamfani kyau. Hannun gwani ne."

Telan ya zauna a kan dutse.

"Ni na juye, na zuba toka. So nake ta ce maganinsa ba ya aiki, ta sallame shi. Komai Likita ya ce, Likita ya ce. Ni da na aure ta ban taɓa cewa komai ba. Sai ga shi da shanun suka ƙi ɗauka, zuwansa ma ƙaruwa ya yi."

Matar ta dube shi. "Baban yara, yaron da na kusa haifa?"

Saja ya sa masa ankwa. Suna tafiya wajen mota telan ya ji muryar matarsa a baya.

"Likita, yaushe za mu fara ba su sabo?"

Telan ya ja ya tsaya, zai waiwaya. Sufeto ya dafa kafaɗarsa.

"Mu je, malam."