Abin da Baba Ya Gani a Bakin Get

Ƙanwata Auta na wanke-wanke a tsakar gida, Umma ta tsaya a kanta.

"Ki faɗa wa Dogo ya daina zuwa ƙofar gidan nan. Ba zan ba korarre 'yata ba!"

"Haba Umma! Ba fa sata ya yi ba, gaskiya ya faɗa!"

"Gaskiyar za ku dafa ku ci?"

Auta ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga cikin ruwan kumfa. A gefe Baba na goge takalmin aikinsa.

A kamfanin robobin da Baba ke gadi Dogo yake aiki. Wata biyu da suka wuce ɗan manaja ya jefar da guntun sigari a sito, kaya suka ƙone, aka ɗora wa wata tsohuwa mai shara laifin. Ma'aikata arba'in suka yi gum, kowa na tsoron bakin abincinsa. Dogo kaɗai ya miƙe ya ce ƙarya ne, aka haɗa shi da tsohuwar aka kora. Ni dai abin ya ƙona min rai, har 'yan unguwa cewa suke shi ya ja wa kansa.

Da la'asar Dogo ya zo, Auta ta fito da jajayen idanu.

"Yau kuma wa ya taɓa min gimbiya?"

"Ni ba wasa nake ba, wallahi siriyos! Umma ta ce... Dogo, ka yi nadama?"

Ya ce a hankali, "Rasa ki zai karya ni, Auta. Amma tsohuwar nan kuka take tana rantsuwa, kowa na kallon ƙasa. Kar ki yi wa Umma musu, tausayinki take ji. Zan jira."

Baba na bayan ƙofa, duk ya ji. Ya koma ciki wajen Umma.

"Ni na buɗe wa ɗan manajan get ran nan," ya ce wa Umma. "Da idona na gan shi da sigarin. Saboda ku na yi shiru."

Umma ta dafe ƙirji. "Malam! In ka yi magana kai ma korarka za su yi!"

"Na sani. Amma yau kunyar Dogo ta hana ni fita ƙofar gidana."

Washegari Baba ya tsaya gaban masu kamfanin, ya faɗi komai. Direba ya taso ya tsaya kusa da shi, sai mai sito, sai sauran. Wa zai kori mutum arba'in? Aka mayar da tsohuwa da Dogo bakin aikinsu.

Ran ɗaurin aure Umma ta riƙe hannun Auta tana kuka. "Ki yafe min, na so raba ki da mutumin kirki."

Haƙurin Auta da Dogo ya yi rana. Zalunci kuwa da shirunmu yake rayuwa, kuma mutum ɗaya ya isa ya fara karya shi.