Kusurwar da Ba a Haskawa

Ana dab da kiran sallar magariba keke ya sauke Mahfuz a Ƙofar Ran, da kwali biyu a hannu, da doguwar jaka a kafaɗa. Daga kasuwa yake, shagon Ebubechukwu mai sayar da kayan hoto. A cikin kwalayen akwai fitilu uku masu caji, da ƙafafunsu na ƙarfe masu naɗewa, da farar lema ɗaya mai tausasa haske, da farin yadi na rataya a bango. Masu araha ne, irin waɗanda iska ke kayarwa, amma yadda ya rungume su sai ka ce jariri ya ɗauko.

Wata biyar ke nan da ya fara riƙe kyamara, kuma duk iliminsa daga bidiyon waya ya samo shi. To, ka san sabon koyo, ba ya jin kira. Da Ebubechukwu zai miƙa masa kayan sai da ya ce, "Oga, fitila biyu ya isa. Kar ka kashe inuwa duka, fuska zai zama kamar faranti." Mahfuz ya yi dariya kawai. Washegari wata makaranta za ta kawo masa ɗalibai a yi musu hoton fasfo, kuma shugabar ta gindaya masa sharaɗi: baya fari tas, ba ta son ganin ko ɗigon inuwa. Shi ne aikinsa na farko.

Ɗakin da zai mayar shagon hoto na Inna Yelwa ne, ƙanwar kakarsa. Tsohon gini ne na ƙasa da aka yaɓe da siminti, yana kallon titi, ba shi da taga. Ya same ta a zaure tana alwala. Ta zaro makulli daga bakin zane, amma ba ta sake shi nan take ba.

"Ka ji abin da na faɗa maka jiya?"

"Na ji, Inna."

"Kusurwar da ke bayan ƙofa, ba a haska ta. Ko aci-balbal ubana bai taɓa ajiyewa a wurin ba. Akwai mai wurin, ya riga mu zuwa. Bai taɓa cutar kowa ba, duhunsa kawai yake so. Ka yi aikinka a sauran ɗakin, ka bar masa nasa."

"To, Inna," in ji shi. Irin "to" ɗin nan da ake cewa don a karɓi makulli.

Yana cikin ɗaura yadin a bango matarsa Ni'ima ta yi sallama da kwanon masa a hannu. Wata bakwai da aurensu. Unguwarsu ɗaya tun suna yara, shi ya sa har yanzu Yaya take ce masa. Yarinya ce mai fara'a, da ɗan wushirya, in tana dariya sai ta rufe baki da bakin mayafi. Wallahi yana son ta, wannan ba a musu. Sai dai in abu ya shiga kansa, kowa ya zama kayan aiki.

"Yawwa, kin zo a daidai. Zauna a kujerar nan in gwada haske."

"Yaya, an kusa kiran salla fa."

"Minti biyar."

Ta zauna. Ya ja ƙofa ya rufe don kada hasken waje ya ɓata masa lissafi. Ɗakin na warin tsohuwar ƙasa da sanyin randa. Ya kafa fitila ta farko a damanta, ya buɗa lemar a gabanta, ya kunna. Fuskarta ta fito sumul, amma inuwarta ta kwanta baƙa ƙirin a jikin yadin. Ya kafa ta biyu a bayanta, ƙasa-ƙasa, tana kallon bango, kamar yadda ya gani a bidiyo. Inuwar ta ɓace. Ya ji daɗi har da tafa hannu.

Ya ɗauki hoto ɗaya ya duba a bayan kyamara.

A gefen hagu na yadin akwai wani dushi-dushi, kamar an shafa gawayi. Ya ɗaga kai. Daga kusurwar bayan ƙofa duhun yake miƙowa.

Ladan ya kwaɗa kira a masallacin unguwa. A waje ana jin ƙarar butoci da takun masu sauri.

"Tashi mu je, Yaya. Ka ƙarasa bayan salla."

"Zauna, na ce."

Ya ɗauki fitila ta uku. Ni'ima ta ga inda ya nufa da ita, gabanta ya faɗi, domin ita ma a gidan nan ta yi wasan ƙasa, ta san maganar.

"Ba nan ba. Inna ta hana."

"Inna ce za ta ɗauki hoton?"

Ya kunna ta a tsakiyar kusurwar.

Babu komai a wurin. Bango ne da ya ɗan tsage, da yanar gizo-gizo. Amma an ji wani ja, shaaa, kamar ana jan tabarma a kan siminti. Warin ƙasar ya ƙaru, ya koma kamar na rijiyar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Kin gani? Ɓera ne."

Ya sake ɗauka. Yanzu dushin ya koma sama, ya taru a tsakanin azarar rufi, yana saukowa kan yadin kamar jiƙewar ruwa. Kai, a nan ne mai hankali zai tsaya ya tambayi kansa, wace irin inuwa ce ke tashi daga bango ta hau rufi? Mahfuz ya tambayi kansa, ba ƙarya, har tsigar jikinsa ta tashi. Amma maimakon tsoro ya sa shi tsayawa, haushi ya ba shi. Shi da ɗakinsa, shi da fitilunsa, a ce wani abu yana yi masa wasan ɓuya?

Ya ɗaga kan fitila ta biyu ta haske rufin.

Shaaa.

Ni'ima ta ɗage ƙafafunta da sauri. Muryarta ta koma raɗa.

"Yaya, akwai abu a ƙarƙashin kujera. Sanyi gare shi. Yana taɓa dugadugina."

"Sauke ƙafarki, kina ɓata min zama."

"Don girman Allah ka bar ni in tashi."

"Ke fa raguwa ce. In kika tashi, wa zan gwada da shi?"

Ya kunna tocilan wayarsa ya cusa a ƙarƙashin kujerar. Ya karɓi tata wayar, ya kunna, ya jingina ta a bayan kwali inda ya ga baƙi na taruwa. Ya kwashe jaka da kwanon masa ya tura su jikin bango, ya karkata lemar, ya gyara, ya sake gyarawa. Duk inda duhun ya fake, sai ya bi shi da haske. Kuma duk lokacin da ya kore shi, jan tabarmar nan sai ya ƙara gajarcewa, ya ƙara matsowa tsakiyar ɗaki.

Yanzu har numfashi ake ji. Ba nasa ba, ba nata ba. Gajere, mai sauri, irin na abin da aka rutsa.

A masallaci liman ya tayar da salla.

Hawaye na gangarowa a kumatun Ni'ima. Leɓɓanta na motsi, tana karanta abin da ta iya.

"Share fuskarki, tana ƙyalli."

Ta share da mayafi.

Ya leƙa ta kyamara. Saura wuri ɗaya: ƙarƙashin haɓarta. Inuwar wurin ta fi ƙarfin haɓa, ta yi kauri, tana motsi kaɗan-kaɗan a kan wuyanta kamar ana shafa shi.

Yana da magani. Tun a gida ya manna takardar azurfa a jikin wani kwali don mayar da haske. Ya ɗora mata a cinya.

"Riƙe. Karkata shi sama. Haka."

Hasken ya daki wuyanta.

Ɗakin ya yi tsit.

Babu ja. Babu numfashi. Ko'ina fari, daga ƙasa har rufi, babu lungu, babu saƙo. Mahfuz ya yi ajiyar zuciya, ya ji a ransa ya yi nasara.

Ni'ima ta runtse ido gam.

"Buɗe idonki."

Ta girgiza kai.

"Hoton fasfo ne, ba a runtse ido. Buɗe, ki kalle ni!"

Ta saba bin maganarsa. Ta buɗe.

Duk faɗin ɗakin nan, baƙin idonta ne kaɗai duhun da ya rage.

Ya danna.

Ta ja wani numfashi mai ƙarfi, kamar wadda aka watsa wa ruwan sanyi. Kwalin ya zame daga cinyarta. Baƙin idon ya fara faɗi. Ya cinye farin hagu. Ya kama na dama.

"Yaya, kashe fitilar." Muryarta ce, amma daga nesa. "Kashe! Yana shiga!"

Maɓallin fitila ta farko na kusa da hannunsa. Taku ɗaya ne zuwa ta biyu.

Bakinta ya sake buɗewa, wata murya ta fito, busasshiya, ta tsoho tukuf, ba faɗa a cikinta, sai gajiya.

"Ka kore ni daga ko'ina. Nan kaɗai ka bar mini."

"Yaya! Kashe!"

Ya gane. Wallahi ya gane sarai. In ya kashe fitilun, abin zai sami inda zai koma. Amma in ya kashe, shi ma zai tsaya a cikin duhu ɗaya da shi, kuma ƙofa na dab da kusurwar.

Ta miƙo masa hannu.

Ya ja da baya. Ya ci karo da kyamara, ta faɗi. Ya fizgi ƙofa, ya faɗa waje. Yatsunta masu sanyi sun kama bakin rigarsa, ya fizge har ta yage.

Ya ja ƙofar. Ya zura sakata ta waje.

Ta buga sau uku. Ta kira shi sau biyu. Daga nan shiru.

Ya tsaya a tsallaken titi, kusa da mai tsire, yana kallon farin haske na fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Mutane suka fito daga masallaci suna gaishe shi, yana amsawa. Bai faɗa wa kowa ba. Ya ce wa ransa bari cajin ya ƙare da kansa. Fitilun nan masu araha, da ake cewa ba sa riƙe wuta, ranar sai da suka yi awa biyu cur.

Inna Yelwa ce ta zare sakatar bayan isha'i, da ta fito ta gan shi tsaye a tsallaken titi. Ta saurari labarin a tsaye. Ba ta zage shi ba. Cewa kawai ta yi, "Da ka kashe a lokacin, da ya koma wurinsa. Awa biyu, ai ya riga ya yi shimfiɗa."

Shagon bai buɗe ba, ɗaliban ma wani wuri aka kai su. An yi roƙon Allah, an yi ruƙiyya, an kai Ni'ima wajen wani malami a Miri, an kai ta asibiti. Da rana tana zaune inda aka ajiye ta, ido baƙi ƙirin, ba ta magana, ba ta san kowa ba. Ko ashana aka ƙyasta, haka take. Sai an toshe taga da tsumma, an kashe komai, ɗaki ya yi duhun da ba ka ganin tafin hannunka, sannan za ka ji jan tabarma ya nufi kusurwa. A lokacin ne take dawowa. Ta nemi ruwa, ta tambayi lafiyar mahaifiyarta, ta rama sallolinta da lalube.

Shekara biyu ke nan Mahfuz bai ga fuskar matarsa tana cikin hayyacinta ba. Iyayenta sun so su ɗauke ta, ya roƙe su da kuka su bar masa ita. Shi ke dafa mata abinci, shi ke ba ta a baki a cikin duhun. Tana karɓa, tana cewa an gode, kamar yadda ake ce wa baƙo.

Rannan a cikin duhun ya laluba ya kama hannunta, ya ce ta yafe masa, tsoro ne ya sa shi gudu, ɗan Adam ne shi.

 Ta zare hannunta a hankali.

"Gudun ban riƙe ka da shi ba, Mahfuz," ta ce. "Ko ni ce zan gudu. Amma ina da sauran ido ɗaya a lokacin, da ƙafafuna, da na biyo ka waje. Na riga na kama ƙofar ka zura sakata."